Yadda Gaisuwa Ta Ci Tirbas a Kano

Sunansa na yanka Salahuddin, a gida kuma Mainasara ake ce masa, amma in ka shiga Umdurman kana cigiyar ɗaya daga cikin sunayen nan biyu, sai ka yini kana yawo a banza. Tirbas aka san shi. A Larabcin Sudan tirbas shi ne sakatar ƙofa, kuma 'yan kallo ne suka laƙa masa sunan tun yana tsaron baya a Najm al-Bahar, wata ƙungiyar unguwa da ta daɗe tana hawa rukuni na ɗaya tana faɗowa.

Ubansa, Lawal, a kambo aka haife shi, wato sansanin leburorin gonar auduga a Jazira. Da auduga ta daina ciyar da mutum sai ya kwaso iyalinsa ya dawo birni, ya kafa tukubar agashe, tsiren nan namu da Larabawa suka ɗanɗana suka kasa bari. Uwar Mainasara ta rasu yana ƙarami, don haka yayar ubansa, Gogo Sittana, ita ta rene shi. Gogo ba ta yi boko ba, allo ma ba ta yi nisa ba, amma akwai fanni guda da babu mai ja da ita: gaisuwa. A wurinta yaron da ya wuce babba bai tambaye shi kwana da gajiya da iyali ba, ya gama lalacewa. Ta ɗauki gaisuwar Hausawa, ta haɗa da ta Larabawan Sudan, waɗanda kowacce ita kaɗai tana cin rabin safiya, ta ɗura wa yaron duka biyun.

Ƙwallo kuwa ba ta so ko kaɗan. Larabawa kura suke ce wa ƙwallo, Gogo ta ce ita dai ba ta taɓa jin abin da aka raɗa wa sunan kura ya kawo wa gida alheri ba.

Mainasara ya tashi ƙato. Tun yana yaro shi ke ɗauko nama a ka daga mayanka zuwa tukuba, wuyansa ya yi kauri, ƙafarsa ta buɗe. In an fita dafuri, ƙwallon yamma da samari ke bugawa a fegin unguwa, sai a ce masa ya tsaya a baya, domin gudu bai dame shi ba. Abin da ya iya shi ne in ƙwallo ta zo wajensa ya aika ta inda ba za ta dawo da wuri ba. Wata rana ya aika ta har bakin titi, ta fasa madubin motar Alhaji Isma'il, dillalin albasa kuma shugaban Najm al-Bahar. Alhaji ya fito yana huci. Ya dubi madubi, ya waiwaya ya hango fegin can nesa, ya sake duban madubi.

"Wa ya buga?"

Samari suka watse, aka bar Mainasara tsaye. Ya zo ya durƙusa ya fara, "Ina wuni, Alhaji? Ya gajiya? Ya kasuwa?"

"Daga can ka bugo ta?"

"Ma'alesh, Alhaji, kuskure ne. Ya mutanen gida?"

"Gobe da la'asar ka zo fili," in ji Alhaji. "Irin wannan kuskuren nake nema."

Haka ya shiga ƙwallon kuɗi, in har abin da Alhaji ke bayarwa ya isa a kira shi kuɗi. Bai daɗe ba aka san shi. Ɗan gaba zai taho da gudu yana murza ƙwallo, sai kawai ya ji ya yi karo da wani abu, ya farka yana kallon sama. Kafin ya gane inda yake, Mainasara ya ɗaga shi, yana kakkaɓe masa ƙura, yana cewa, "Sannu ya zol, sannu bawan Allah, Allah ya sawwaƙe. Ba ka ji ciwo ba dai? Ya Hajiya, ta ji sauƙin ƙafar?" Alƙalin wasa ya sheƙo da hannu a aljihu zai zaro kati, ya tarar ana ta jaje, sai kunya ta kama shi ya mayar. Akwai wani ɗan gaba da ya taɓa cewa shi dukan bai dame shi ba, sannun ce take ƙona masa rai.

Matsalarsa ɗaya, gudu. In ɗan gaba ya samu ya kauce masa, to an gama, sai dai ya bi shi da addu'a.

Shekarun nan sojoji ne ke mulki, ana layin burodi, ana layin mai, ana kuma abin da ake kira kasha: a tare mota a sauke samarin da ba su yi hidimar ƙasa ba, a zuba su a lori. Ranar wani wasa a Khartoum, Mainasara na cikin hafla, ƙaramar bas ɗin haya, da takalmansa a leda, aka tsayar da su a bakin gada. Samari suka yi ta tsalle ta taga. Shi ma ya gwada, kafaɗa ta ƙi wucewa. Da soja ya leƙo sai ya same shi rabi a waje rabi a ciki, yana cewa, "Barka da aiki, Janabu."

A sansani aka aske masa kai, aka ba shi kaki wanda bai rufe masa ƙauri ba. Ashe babban hafsan wurin mayen ƙwallo ne, kuma ƙungiyar rundunarsa kullum sai maƙwabta sun lallasa ta. Yana zagayen duba sababbin kamu ya ja ya tsaya.

"Kai ba Tirbas ba ne?"

"Ni ne, Janabu."

Mainasara ya ɗauka sauƙi ya zo. Hafsa ya zagaya shi yana dubawa kamar mai sayen raƙumi, ya ce, "Na sha kallon ka. Ƙafarka ta zinariya ce, amma gudunka na jakin mai ruwa ne. Za mu gyara." Daga ranar, in kowa ya zagaya fili sau ɗaya, shi sai ya ninka, da buhun yashi a baya. Ya yi kuka, ya yi amai, ya rame har Gogo da ta kawo masa ziyara ta wuce shi tana tambayarsa ko ya ga ɗanta. Amma rundunar ta daina shan kashi, hafsa kuma ya ƙi sakin sa ko nan da can. Cikin waɗanda aka kama su tare an tura da yawa yaƙi a kudu, akwai waɗanda ba su dawo ba. Wannan ɓangaren Mainasara ba ya son a tayar masa. In an matsa sai ya ce shi ƙwallo ta cece shi.

Da ya gama hidima ya koma Najm al-Bahar, 'yan gaba suka ga abin da ba su taɓa gani ba: ka kauce wa Tirbas, ka yi gaba kana murna, sai ka ji numfashinsa a ƙeyarka. A shekarar ƙungiyar ta hau rukuni na ɗaya, ta kuma zauna. Ba a jima ba, wata yamma rediyo na karanta sunayen waɗanda aka kira ƙungiyar ƙasa domin wasan sada zumunci da za a yi a Kano, aka ji an ce Salahuddin Lawal. A tukuba babu wanda ya motsa, sai da Lawal ya ajiye wuƙa ya ce, "Kai, ai ɗana ne!" Ranar duk wanda ya zo ya ci agashe kyauta har nama ya ƙare.

Kocin ƙungiyar ƙasa, wani mai ƙaton tumbi da ba ya rabuwa da usur a wuya, ya kira shi gefe tun a filin atisaye.

"An ce kana jin yaren mutanen can."

"Yaren gidanmu ne, Kabtin."

"Kwayyis, madalla. Ka tsare baya, ka kuma buɗe kunne. Duk abin da suka ƙulla a fili ka kawo mini."

Gogo ita ma ta kira shi gefe, nata aikin ya fi na koci nauyi. Ubansu, Malam Ishaku, daga wani ƙauye a ƙasar Haɗeja ya fito da niyyar hajji, guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya tsaya tsinkar auduga, ya yi aure, ya mutu a nan. Tun daga lokacin babu wanda ya koma.

"Ka nemi mutanenmu ka gaishe su," in ji Gogo. "Ka ce jikan Ishaku mai jan gemu ne."

"Gogo, ƙwallo za mu buga, kwana kaɗan ne."

"Kurar taku ta fi zumunci ne?"

A Kano ya sha mamaki. Ko'ina ya juya Hausa ake yi, a titi, a rediyo, har da masu kaki, ba a rage murya. Sai dai in ya buɗe baki a yi ta dariya. Ya ce wa ma'aikacin otal ya kawo masa moya, mutumin ya tsaya yana kallon sa har sai da ya kwatanta shan ruwa da hannu. Wata mai ƙosai da ya gaisar ta ce, "Bawan Allah, Hausarka irin ta kakata ce, ita kuwa ta daɗe da rasuwa."

Aka shiga wasa, fili ya cika maƙil. Zagayen farko Tirbas ya tsare gida yadda ya kamata, babu wanda ya ci wani. Da aka je hutun rabin lokaci koci ya taso masa gaban kowa.

"To, me suke ƙullawa?"

"Kabtin, 'yan wasan nan Turanci suke yi da waɗansu harsuna. Ko kalma ban kama ba."

"Duk tsawon lokacin nan ba ka ji komai ba?"

"Na ji 'yan kallo."

"Me suka ce?"

"Kabtin, a bar maganar."

"Faɗi, umarni ne!"

Mainasara ya sunkuyar da kai. "Suna tambaya wai cikinka wata nawa ne. Sun ce Allah ya sauke ka lafiya."

Da aka dawo, masu masauki suka sako wani siririn ɗan gaba, Audu Walƙiya. Taɓa ƙwallonsa na farko ya ji shi a ƙasa. Tirbas ya ɗaga shi, bakinsa ya suɓuce da Hausa, "Sannu, Allah ya sawwaƙe."

Audu ya zaro ido. "Kai Bahaushe ne?"

"Bahaushe ne. Ina wuni? Ya gida?"

Daga nan hira ta ɓarke. In ƙwallo ta tafi ɗaya gefen sai su ɗora daga inda suka tsaya. Mainasara ya ga dama ta samu ya isar da saƙon Gogo, ya ce kakansa daga ƙasar Haɗeja yake, Malam Ishaku mai jan gemu.

"Haba!" in ji Audu. "Ai ni ɗan Haɗeja ne. Gidansu na jikin namu. Kullum ana maganarsa."

Idon Mainasara ya kawo ruwa. Ana haka, saura kaɗan a tashi, masu masauki suka samu bugun kusurwa. Ya riƙe rigar Audu kamar yadda aka koya masa. Audu ya raɗa masa, "Ga ma kawunka can cikin 'yan kallo, mai farar hula. Tun ɗazu yake ɗaga maka hannu."

Rabin mutanen filin fararen huluna ne a kansu. Amma tarbiyyar Gogo ba ta san da wannan ba. Babba ya ɗaga maka hannu ka share shi? Mainasara ya saki riga, ya juya, ya rusuna. Ihun da ya ji a bayansa ne ya sanar da shi abin da ya faru. Washegari wata jarida ta buga hoton: ƙwallo na shiga raga, Audu na sama, Tirbas ya ba gida baya ya durƙusa yana gaida jama'a.

Da hantsi Mainasara na zaune a harabar otal ya rafka tagumi, sai ga Audu yana sosa ƙeya.

"Ɗan'uwa, ka yafe ni. Ni a Jos aka haife ni, Haɗeja ko a mota ban taɓa ratsa ta ba."

"To kawun nawa fa?"

"Babu kawu."

Mainasara ya ce, "Halas, ya wuce. Ka karya kumallo?"

Wannan ya ƙara kashe wa Audu jiki. Ya ce yana da aboki a gidan rediyo, zai sa a yi cigiya. Jirgin da zai mayar da su kuwa ya yi lattin kwanaki, don haka sanarwa ta samu lokacin yawo. Kafin a ankara ƙofar otal ta cika da jikokin Malam Ishaku. Wani ya ce shi Ishaku ya goya, wani ya ce gemun ba ja ba ne, lalle yake sawa, shi ke kai masa. Kusan kowa buƙatarsa ɗaya: tunda Sudan na bakin Makka, a taimaka a saka shi a jirgi. Mainasara ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, har muryarsa ta dishe.

Ranar da za su tashi, wata tsohuwa ta iso daga tasha da ƙulli a ka. Ba ta yi layi ba, ta sa sanda ta buɗe hanya. Mainasara na ganin ta ya miƙe, domin fuskar Gogo ce sak, har da yadda take taɓe baki.

"Kai ne jikan Ishaku? Juya in ga kunnenka." Ya juya. "Namu ne. Duk gidanmu haka suke, kamar marfin tukunya."

Ta ce Iya ake kiranta, Ishaku ƙanen ubanta ne. Tana 'yar ƙarama ya fita, ya ce a ajiye masa irin gero zai dawo kafin damina.

"Ya yi hajjin kuwa?"

"Bai kai ba, Iya. A hanya ya zauna, a can ya rasu."

Ta share ido da bakin mayafi, ta yi masa addu'a. Sannan ta ɗago. "An ce kai ne ka juya baya aka ci ku. Ana tsakiyar aiki kana gaisuwa? Wa ya rene ka?" Ta sauke ƙullin, daddawa ce da kuka. "Ka kai wa 'yar'uwata. Ka ce mata gidan na nan, katanga ce kawai ta faɗi."

Ƙullin nan ya yi tafiya mai tarihi. A jirgi 'yan wasa suka yi ta canza kujera har Mainasara ya samu layi guda shi kaɗai. A filin jirgin Khartoum, a zamanin da ake binciken har tafin takalmi, ma'aikaci ya kwance bakin ƙullin, ya ɗaure da sauri, ya ce masa ya wuce don Allah.

Jaridun wasanni sun yi mako suna yayyaga shi. Lawal ya kashe rediyon tukuba. Gogo kuwa ta zaunar da shi ta sa ya ba ta labarin Iya, ya gama ta ce ya sake, ya sake ta ce bai faɗi yadda ta riƙe sandar ba. Ta shinshina daddawar ta yi kuka, ta kaɗa miyar kuka da ita, duk layin aka ci. Sai da aka kwashe kwanuka ta tuna da zancen ƙwallo.

"Shi wannan kawun da babu shi, ka dai gaishe shi da kyau?"

"Har ƙasa, Gogo."

"To madalla. Ba ka ba mu kunya ba."

Ba a sake kiran sa ƙungiyar ƙasa ba. Shi dai in an tambaye shi cewa yake ya yi ritaya daga wasan ƙasa da ƙasa domin ya ba yara dama. Ya ci gaba da tsare wa Najm al-Bahar baya shekaru masu yawa, har gwiwa ta fara ƙara. Zuwa gashin gwiwar a asibitin Soba ne ya haɗa shi da Ni'mat, mai sayar da shayi a bakin asibiti, 'yar mutanen kambo ita ma. Ya yi wata da watanni yana zuwa, har bayan gwiwar ta yi sauƙi, yana tambayarta gida da kasuwa, bai taɓa wuce nan ba. Rannan ta ajiye buta ta ce, "Malam, gida lafiya, kasuwa lafiya, babana ma lafiya, yana gida bayan la'asar in kana da magana." Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla.

Da gwiwa ta ƙi gaba ɗaya, ƙungiya ta shirya masa wasan bankwana. Sai a lokacin wani ya lura cewa duk tsawon shekarun nan Tirbas bai taɓa jefa ƙwallo a raga ba, ko sau ɗaya. Aka haɗa baki da alƙali da golan abokan karawa. Ana cikin wasa wani ya faɗi ba tare da an taɓa shi ba, alƙali ya busa fenareti, fili ya ɗauki "Tirbas! Tirbas!" Gola ya matso ya ce masa, "Kabtin, dama zan faɗi, ka buga hagu."

Mainasara ya ja da baya, ya taho, ya narka mata ƙafa. Ta bi ta saman raga, ta tsallake 'yan kallo. Alƙali ya ce gola ya motsa, a sake. Aka kawo wata ƙwallon, wannan karon gola ya koma jikin ƙarfe ya jingina ya harɗe hannu. Ta sake bin sama. Alƙali ya ce iska ta yi yawa, a sake. A na ƙarshe ya yi niyyar bugawa a hankali, ƙafa ta goge ta, ta gangara kamar mai ciwo ta tsaya a gaban gola. Gola ya duba hagu ya duba dama, ya sa dunduniya ya tura ta ciki, sannan ya faɗi ƙasa yana dukan turɓaya.

Mai sanarwa ya kwarara ihu a lasifika cewa Tirbas ya ci. Aka ɗauke shi a kafaɗa, mutum shida suna nishi. Shi kuwa yana sama yana cewa a sauke shi, ba shi ya ci ba. Da aka dire shi ya ɗingisa har wurin mai sanarwa ya ce a gyara.

"Shekara da shekaru ina korar ta daga bakin raga, yau ku ce in saka ta? Ƙafar ba ta yarda ba. Ku rubuta wa gola, shi ya ci."

Mai sanarwa ya ce abin da ya fita ta lasifika ba ya komawa.

Bayan rasuwar Lawal shi ya gaji tukuba, kuma har yau gardamar ba ta mutu ba. Masu cin agashe sun rabu biyu, wasu na cewa Tirbas na da ƙwallo ɗaya a tarihi, wasu na cewa ba shi da ko ɗaya. Shi yana ɓangaren masu cewa babu. Ni'mat ce shugabar ɗaya ɓangaren, ta ce ita tana wurin, da kunnenta ta ji an faɗa, kuma ba za ta yarda a ce ta auri mutumin da bai taɓa ci ba.